Ɗan Fari da Buhun Zogale

Ina da shekara hamsin da uku na yi kishi mafi muni a rayuwata, kuma da ƙanena na yi shi, a kan uwar da ta haife mu. Na san abin kunya ne ga mai furfura a gemu da jikoki biyu, amma tun da na ɗauki alƙalami gara in faɗi abin yadda ya faru.

Ni ne ɗan fari. A ƙasarmu ta Gobir uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna wa mutane ta damu da shi. Innarmu kuwa biyu ta haɗa, don uwarta Bafulatana ce, sai ta ɗora filako a kan kunyar Gobirawa. Ana yaye ni aka kai ni Tozai wurin kakata ta wajen uba. Can na tashi, can na yi firamare, daga baya na dawo Isa na koyi ɗinki na zauna. Iyayena suna Tsamaye, ta wajen Sabon Birni. In na je gaishe ta nakan durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, ita kuma ta amsa tana kallon ƙwaryar da ke gabanta. In maganata ta taso da wani, sai ta ce "mai keke", saboda keken ɗinkina. Kafin in sami keken, "wancan na Tozai" ne ni.

Bayana mata huɗu ne, sannan Auta, namiji, wanda na girma da shekara tara. Shi sunansa a bakin Inna yake kwana. Ta kira shi ya ci tuwo, ta kira shi ya bar rana, ta kira shi don kawai ta ji ya amsa. Ya yi karatu, ya sami aikin malamin gona a Sabon Birni, ya yi aure, ya kuma zauna gida ɗaya da ita. Ban taɓa ƙin yaron ba, Allah shi ne shaida. Amma duk ranar da na je na tarar yana kishingiɗe a ɗakinta suna hira, sai in gajarta gaisuwa in koma Isa da abin a raina.

Abu ɗaya nake samu daga hannunta a shekara, naman layya. Takan soya shi ya bushe ƙarau, ta cika babban gwangwanin madara, ta ɗaure bakinsa da tsumma, ta ba direba ya kawo mini shago. Ba saƙo, ba gaisuwa. Ni dai na san hannunta ya taɓa kowace tsoka, don haka sai in yi wata guda ina ci ɗaiɗai, ko 'ya'yana ba na so su matso kusa.

Babanmu ya rasu shekara takwas kafin abin da nake ba da labari. Basir aka ce. A wurinmu duk jinin da ya fito wa mutum ta ƙasa basir ne, babu mai sake tambaya, kuma ba magana ce da dattijo zai yi a zaure ba. Ya sha sassaƙe, ya sha jiƙo, ya sha na kwalba. Ya rame har kafaɗunsa suka fito, ya koma zama a kan ɗuwawu ɗaya yana dogare da hannu. Da ya cika muka ce basir ya ci ƙarfinsa, muka yi masa addu'a, kowa ya koma harkarsa.

Wata rana da bazara wani mutumin Tsamaye ya kawo mini yadi, ina auna shi yake ce mini ya jikin ƙanenka, ai an kai shi Sakkwato, har da tsohuwa aka tafi. Na ce da sauƙi, kamar na sani. Ashe Auta ya ga jini sau biyu a bayan gida, ya shiga ɗakinta ya faɗa mata, don shi babu abin da ba ya faɗa mata. Washegari ta ɗaura zane ta shiga mota. Matar da ko kasuwar Sabon Birni ba ta zuwa, ta hau hanyar da a shekarun nan maza ma sai sun jira labari kafin su hau.

Ni kuwa a lokacin na kai wata huɗu ina ganin jinin nan. Ko mai ɗakina ban faɗa wa ba. Ranar kasuwa nakan bari mutane su ragu, in zagaya wurin mai tallar maganin basir da lasifika, in karɓi kwalba in sa a aljihu. Ciki ya canza mini, yau gudawa, gobe ya ɗaure. In na taka keke na awa guda sai in ji haki kamar na yi huɗa. Na ce girma ne.

Bayan sun dawo Auta ya zo shago. Ya zauna a benci, ya jira na sallami mutane, sannan ya matso.

"Yaya, saƙon likita na kawo maka. Abin da anka cire min ba basir na ba. Tsiro na, cikin babban hanji, kamar ƙwarar wake. Yac ce irinshi in anka bar shi shekaru, shina iya komawa ciwon daji. Nawa tun bai koma ba anka tsinke shi, ko yanka ba a yi min ba."

Na ce masha Allah, ina ta zare a allura.

"Ya tambaye ni ciwon da Baba yay yi, na kwatanta mishi. Yac ce ba shi iya rantsuwa, amma ya yi kama da ciwon dajin hanji, kuma abin shina bin jini. Duk ɗiyan Baba ya kamata a duba su, ko da mutum bai ga komai ba. Balle kai da kah haura hamsin."

Ya yi mini bayanin yadda ake yi. Mutum zai wuni yana shan maganin wanke ciki, sannan a sa masa wata siririyar roba mai fitila da ido a kai ta dubura, likita yana kallon cikin hanji a allo. Duk ina jinsa, amma abin da ke cina daban.

Na ce, "Kwana nawa Inna tay yi can?"

"Shida. Bakin ɗakin take wuni."

"Ita tac ce ka zo nan?"

Ya ce, "Likita yac ce."

Shi ke nan, a nan na yanke hukunci. Na ce masa ni lafiyata lau, kuma da na ji likitan Bayarabe ne, abokin wasan Gobirawa, sai na samu abin fakewa. Na ce ni Bagobiri ba za ni kwanta in kwance wando gaban bawana ba, ai sai ya kai labari har garinsu. Auta ya yi dariyar dole. Ya ce, "Yaya, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa." Na ce ya tashi ya ba ni wuri ina da ɗinkin mutane. A raina kuwa cewa nake, shi jini sau biyu ya gani aka bi shi har Sakkwato. Bari in ga ko akwai mai lura da nawa.

Haka na zauna da ciwo ina jiran a tambaye ni. Da na fara ramewa sai sana'ata ta rufa mini asiri. Na bi rigunana ɗaya bayan ɗaya na rage su a kafaɗa da gefe, yadda kowa ya gan ni zai ga riga ta zauna daidai. Yanzu in na tuna sai in rasa gane kaina. Ina so a gani, kuma ina ɓoyewa da hannuna.

Sallar layya ta zo. Direba ya tsaya a ƙofar shago ya sauke buhu. Na kwance, sai ga busasshen zogale cike da rabin buhun, ga wake, ga geron da ba a surfa ba, ga kuɓewa. Can ƙasa na tarar da ɗan ƙaramin gwangwani, irin na tumatir babba, da tsoka biyar a ciki. Na ƙirga su sau biyu.

Ranar na shiga gida ina huci. Na ce wa mai ɗakina ta zo ta ga rabon ɗan fari, ganye sai ka ce akuya aka haifa. Na ce ai na san inda babban gwangwanin ya tafi, mai ciwon gata yana can ana ba shi a baki. Ta ce, "Malam, barin kashi a ciki ba shi maganin yunwa. Ka tahi ka tambaye ta mana." Na ce in na tambaya Allah ya tambaye ni. Na ɗebi rabin zogalen na zuba wa awaki, ina tsaye suka cinye. Daga ranar kuma kullum da la'asar sai na tsaya wurin mai tsire a tasha, in ci har da kitse, in ƙara da kilishi, wai ina rama abin da aka hana ni. Auta ya riga ya gaya mini likita ya ce a rage jan nama da irin wannan gashin, a yawaita ganye da wake da hatsi mai dusa. Na ji, amma ban haɗa shi da buhun ba, don mai fushi ba ya lissafi.

Bayan salla da kwana uku na je Tsamaye gaisuwa. Na durƙusa a inda na saba, ta amsa tana tsince wake. Aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, na zauna yadda zaman ya fi mini sauƙi. A gabana ta kira Auta da sunansa, ta tambaye shi ko ya sha kununsa, ko cikin ya lafa. Ni kuwa sai ta ce wa matarsa, "A ba mai keke ruwa." Na miƙa hannu biyu na karɓi kwanon, na sha, na ajiye. Na jira har aka kira azahar, ba ta ƙara cewa komai ba. Na hau mota ina rantsuwa a zuci cewa ko mutuwa za ni yi, ba za a ji a bakina ba.

Damina ta wuce a haka. Kwalaben mai lasifika suka taru a bayan shago. Sau biyu Auta ya kira ni a waya a kan maganar, na kashe masa baki.

Da kaka, ranar kasuwar Isa, ina kan keke da hantsi, mutum biyu suna zaune a benci suna jiran kayansu, sai na ga inuwa ta tsaya a ƙofa. Na ɗaga kai na ga Inna, Auta yana bayanta. Shekara talatin ina wannan shagon ba ta taɓa taka shi ba. Na miƙe a rikice har almakashi ya faɗi. Mutanen nan suka gaishe ta, suka so su fita, ta ce su zauna, ba daɗewa za ta yi ba.

Ta ajiye wani ƙunshi a kan keken, tana kallon bango ta ce, "Ga ɗinki na kawo."

Na kwance. Wandon Babanmu ne, fari, ya sha wanki har ya yi shara-shara. A bayansa akwai tabon da sabulu ya kasa fitarwa. Mazaginsa duk ƙulli ne, wani bayan wani, yadda ya riƙa matse shi yana ramewa. Da aka raba kayansa sadaka ashe wannan ta ɓoye, don ba ya kyautuwa, ita kuma ta kasa yar da shi.

Har yanzu bango take kallo. Ta ce, "Shekara biyu ina wankin wandunan ga tun kowa bai tashi ba, don kada a gani. Shi ma basir yac ce, ni ma basir nac ce. Ran da anka zo gaisuwar salla na ga zaman da anka yi bisa tabarma, zaman mai wandon ga na. Na ga tahin hannun da yak karɓi ruwa, hwari hwat kamar ba jini. An rage riga, amma ba a rage wuya ba."

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ashe duk shekarun nan da nake ganin ƙwarya take kallo, da gefen ido tana auna ni. Ya kamata in yi shiru a nan, amma kishi bai gama da ni ba. A gaban baƙi, da gemuna, na buɗe baki na ce, "Ai Auta anka kai Sakkwato. Ni zogale anka aiko min."

Sai ta juyo ta dube ni a fuska. Ban taɓa sanin idanunta sun fara fari-fari ba sai ranar.

Ta ce, "Shi ya hwaɗa min, shi ya sa na bi shi. Wata bakwai ina aike, ina jiran a gane. Naman da likita yac ce a rage, shi ko tsoka ɗaya ban ba shi ba bana. Kai na kasa hana ka duka."

Daga nan ta faɗi sunana. Sunan yanka, cikakke, yadda liman ya raɗa shi. Ya fito mata da ƙyar, kamar mai ɗaga tulu cike. Ta ce, "Tashi ka ruhe shagon ga. Na rasa ubanka ina kunya, ba ni rasa ka ina kunya."

Mutanen benci suka sunkuyar da kai. Ni dai na tsinci kaina a durƙushe a kan ƙyallayen yadi, ina kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne Baba. Na rufe shagon da rana tsaka, ranar kasuwa, na sa wandon a cikin akwatin keke.

A Sakkwato likitan yana ganin zanen fuskata ya ce ashe bayinsa ba su ƙare ba, ga wani ya kawo kansa. Na ce masa ai ubangida ne ya zo duba aikin bawa. Wasan ya ɗan sassauta mini, don gaskiya tsoro nake ji. Wunin shan maganin wanke ciki ya fi duban kansa wahala. Duban kuwa, allura aka yi mini, ban san ma an gama ba. Duk kunyar da na ɗora wa abin ba ta kai ta kwance wando wurin mai kaciya ba.

Da sakamako ya fito likita bai yi wasa ba. Nawa tsiron ya wuce ƙwarar wake, ya riga ya juya ya zama ciwon daji. Ya tambaye ni tun yaushe nake ganin jini, na ce ya kusa shekara. Ya dube ni ya ce da na zo lokacin da ƙanena ya kawo saƙo, ƙila da aikin bai kai haka ba. Aka yanka cikina aka cire wani yanki na hanjin, aka haɗe. Na yi watanni ina komawa ana sa mini magani ta jijiya, mai sa tashin zuciya da kasala. Auta, in ban da kwanakin gwaji da jira, ya shiga ya fito da ƙafarsa rana ɗaya, ni kuwa na bar tabo daga cibiya zuwa ƙasa, kuma har yau ina komawa a duba ko ciwon ya dawo. Ba wanda ya ja mini wannan bambancin sai ni.

Inna ta zauna a bakin ɗakin da aka kwantar da ni kwana goma sha ɗaya. Na ƙirga, kuma na faɗa wa Auta cewa nawa ya ɗara nasa da biyar. Amma sunan bai sake fitowa ba. In ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira ni, sai Inna ta kawar da kai kamar ba ta san mai sunan ba. Ta koma "mai keke" tun kafin a cire mini zare.

'Yan'uwanmu mata duk sun je an duba su, biyu da sauƙi, biyu sai da Inna ta aika musu da faɗa. Ni kuma yanzu in na auna ƙugun dattijo na ga ya ragu da yawa daga abin da ke littafina, nakan rage murya in tambaye shi ko yana ganin jini. Wasu su ji haushi, wasu su ce basir ne. Sai in ɗaga riga in nuna musu basir ɗina.

Ranar da aka sallame ni, muna mota, Inna ta yi barci a gaba, Auta ya ce mini a hankali, "Yaya, ni kullum ana kiran sunana kamar kiran kaji. Ban taɓa jin ta hwaɗe shi yadda tah hwaɗi naka ba." Na dube shi na ga da gaske yake. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji.

Har yanzu in na je Tsamaye na ji ta kira shi, abin yakan ɗan sosa ni, hali zanen dutse. Buhun zogale yana zuwa kowace layya, kuma yanzu awaki ba sa gani, a kwaɗa shi da ƙuli in cinye. A ƙasan buhun akwai ɗan gwangwanin nan da tsoka biyar. Bana Auta ne ya kawo da kansa, ya tsaya yana kallo na kwance tsumman, don shi har yau ba ta ba shi. Na ci ɗaya a gabansa, na rufe sauran na sa a akwatin keke kusa da wandon Baba. Ban ba shi ko ɗaya ba.